Baba na tashi fitsari sau da yawa da dare, ko ciwon furostet ne?

Abban Khalifa:
Slm 'yan uwa, don Allah ina neman shawara. Mahaifinmu ya haura sittin, tun bara ya fara matsalar fitsari, da dare sai ya ta tashi, in ya shiga bayi kuma ya daɗe don fitsarin baya fita da ƙarfi, ya gama ya yi tsarki sai ɗigo ya biyo baya ya ɓata mai wando, har ya rage zuwa jam'i saboda shakkar alwala. Munce aje asibiti yace sanyi ne, yana ta shan wani jiƙo da ya saya wajen masu lasifika a kasuwa. Wani yace min kansar furostet ce, hankalina ya tashi wlh. Haka ne? Kuma ni shekarata 41, ana gadonta ne?

Ɗan Asibiti:
Wslm Abban Khalifa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka kwantar da hankalinka tukuna. Furostet ɗin nan wata 'yar tsoka ce a ƙasan mafitsara, girmanta kamar goro, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarta ta ratsa, to in namiji ya manyanta sai ta ringa girma tana matse hanyar, shi ya sa fitsari ke fita da kyar. Yawancin dattawa masu irin wannan koke kumburi ne kawai ba kansa ba, irin wanda aka yi wa Sarki Charles na Ingila aiki a farkon 2024. Ciwon suga ma yana sa yawan fitsarin dare.

Amma inda gizo ke saƙar shine ita kansar a farkonta galibi bata nuna alama ko ɗaya, mutum na cin tuwonsa lafiya lau tana ciki, sai ta yi nisa ta shiga ƙashi sannan a fara jin ciwon baya ko ƙugu da rama. Ko Joe Biden da duk likitocin Amurka, a watan Mayun 2025 da aka gano tasa ta riga ta kai ƙashi. Don haka daga baki ba wanda zai iya ce maka kumburi ne ko kansa, sai an gwada. Ku fara da gwajin jini na PSA, wato auna wani sinadari da furostet ke fitarwa cikin jini, sannan likitan mafitsara ya duba. Kuma PSA ya hau ba yana nufin kansa ba, ciwon sanyi na mafitsara ko robar fitsari duk suna ɗaga shi, sai an ɗebo ɗan nama an duba a lab ake tabbatarwa.

Maman Iman:
Ni dai matsalar mazanmu kunya ce wlh. Kawuna da yaji wai likita zai sa yatsa ta dubura ya taɓa cewa yayi shi da girmansa bazai tuɓe wa yaro ba, haka aka zauna har ranar da fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura yana ta juyi a tabarma yana salati, cikin dare aka nemo Napep aka kaishi aka sa mai roba. Abinda ya guda na minti ɗaya sai gashi yana yawo da leda a ƙarƙashin babbar riga. Shawarata kar ku 'ya'ya ku tunkare shi da maganar, nauyi zai ji, ku samu amininsa ko ƙaninsa ko liman yayi mai magana, kuma a ce mai jini kawai za'a fara ɗiba.

Abban Khalifa:
Nagode Hajiya, akwai Baffa, shi yana jin maganarsa. Ɗan Asibiti baka ce komai akan gadon ba, kuma akwai abinda mutum zai ci ko ya bari don kariya?

Ɗan Asibiti:
Eh akwai gado a ciki, wanda mahaifinsa ko wansa ko ƙaninsa ya yi ta haɗarinsa ya ninka sau biyu ko fiye. Kuma mu baƙar fata ta fi kama mu, a Birtaniya lissafinsu namiji 1 cikin 8 ne zai same ta a rayuwarsa, amma a baƙaƙe 1 cikin 4, a Najeriya ma ita ce kansar da tafi yawa a maza. Shi yasa ake ce mana mu fara maganar gwaji da likita tun daga 45 ba sai 50 ba, in an samu a gida mutum fiye da ɗaya to tun 40. Kai ka jira sakamakon Baba tukuna.

Batun abinci kuwa babu wani ganye ko tumatir ko kankana da aka tabbatar yana hana ta, masu tallan WhatsApp kuɗinka suke so. Rage ƙiba, motsa jiki, barin taba, wannan dai yana taimakon jiki gaba ɗaya. In an kama ta da wuri ana magani, Mandela an yi mai gashin kansar da na'ura a 2001 ya rayu har 2013. Ranar da zaku je gwajin a bar Baba ya huta kwana 2 kafin nan, ba hawa keke ba kusantar iyali, kuma ku tafi da jarkar jiƙon nan likita ya gani.