Yaya ake haɗa barkwanci da ban tsoro ba tare da ɗaya ya kashe ɗaya ba?

Sadiq Tudun Wada

Assalamu alaikum manyanmu da 'yan uwa. Muna shirin fim mai dogon zango a nan Kaduna, kashi takwas, kowanne minti 25. Labarin wasu samari uku ne da suka buɗe ofishin korar aljanu daga gidajen haya da kowa ya gudu ya bari. Madubinmu shi ne jerin finafinan Amurka na Ghostbusters, musamman na farko na 1984. Abin da ya ɗaure mana kai, wancan fim yana sa mutum dariya har da riƙe ciki, kuma akwai wuraren da tsigar jiki ke tashi da gaske, amma a wasu daga cikin waɗanda suka biyo bayansa ko dai dariyar ta cinye tsoron, ko duka biyun su yi lami. A rubutu, kaso nawa ake ba barkwanci, nawa ake ba tsoro? A wajen ɗauka da tacewa kuma, me ake canzawa idan an tashi daga wannan zuwa wancan? Kayan aikinmu kyamara ɗaya, fitilun LED uku, makirufo ɗaya na sanda. Allah ya saka da alheri.

Malam Haruna Unguwar Rimi

Wa alaikumus salam Sadiq. Ajiye lissafin kaso tukuna, fara da tambayar wa ke ɗauke da dariyar. A fim ɗin 1984, wanda Ivan Reitman ya ba da umarni, Dan Aykroyd da Harold Ramis suka rubuta, dariyar a bakin mutane take. Abin tsoron ba ya wasa da kowa.

Koma ka kalli buɗewarsa. Dattijuwa ma'aikaciyar laburare ta sauka ƙasa ita kaɗai tsakanin kantocin littattafai. A bayanta littattafai suna tsallakawa daga wannan kanta zuwa waccan, ita ba ta gani ba, mu muka gani. Aljihunan akwatin kati suka fara buɗe kansu, katuna na feshi sama. Ta ruga, ta sha kwana, haske ya bugi fuskarta, ta ƙwalla ƙara, aka yanke. Babu kalmar raha ko ɗaya, kuma ba a nuna mana abin da ta gani ba. Sai bayan nan aka kai mu wajen Bill Murray yana ha'inci a gwajin ɗalibai. Kafin a nemi dariyar ɗan kallo, an riga an tabbatar masa akwai abin gudu a garin. Ku yi haka: minti biyu zuwa uku na farkon kashi na ɗaya tsoro zalla, kuma wanda abin zai faɗa wa kada ya zama cikin 'yan barkwancinku.

Na biyu, ku rubuta dokokin aljanin a shafi ɗaya kafin ku rubuta fitowa ko ɗaya: me yake so, yaushe yake fitowa, ina ne ba ya iya tsallakewa, me yake karɓa daga wanda ya kama. Duk ranar da kuka karya dokar nan don wata raha ta samu wuri, daga ranar ɗan kallo ya daina jin tsoro, kuma ba ya dawowa.

Na uku, samarinku uku kada su ji tsoro iri ɗaya. A wancan fim, ɗaya ya yi imani da abin yana rawar jiki ya gani, ɗaya aune-aune kawai ya sani, ɗaya bai damu ba sai kuɗi da mata, na huɗu da Ernie Hudson ya fito kuwa albashi ya kawo shi. Rabin barkwancin daga saɓaninsu yake fitowa, ba sai an ƙirƙiro ba. Sannan a samu mutum ɗaya da ba ya raha sam. Sigourney Weaver ce ta riƙe wannan: ƙwai na fashewa yana soyuwa a kan kantar kicin ɗinta, daga baya hannaye suka faso kujerar da take zaune suka danne ta. Tsoronta ne ma'aunin fim ɗin.

A minti 25, wuri uku na tsoro sun isa: ƙarami a buɗewa, matsakaici wajen minti na 11 zuwa 13, babba a minti biyar na ƙarshe. Kuma zuwa kashi na uku dole wani ya yi asarar gaske, ko lafiya, ko hankali, ko mutum.

Game da barkwancin, kada ku kwaso na Amurka, namu ya fi shi dacewa da tsoro. An ce tsoro na daji, kunya na gida. Ku haɗa su a ɗaki ɗaya: saurayi yana tsugune gaban surukinsa, yana hango labule na ɗagawa da kansa a bayan tsohon, ƙafarsa na rawa, amma ba shi da halin katse gaisuwa ya ruga. Ko Bakano da Bazazzagi da suka saba tsokanar juna an kulle su a gida ɗaya, kowa ya ƙi zama na farkon da zai ce a gudu.

Yusuf Kawo

Malam Haruna, Allah ya ƙara basira, amma dokar cewa abin tsoro ba ya ban dariya ba ta cika ba. A cikin fim ɗin akwai koriyar fatalwar nan ta otal mai haɗamar abinci, kuma dodon ƙarshe ƙaton ɗan tallan alewa ne fari sol yana murmushi. Duk biyun abin dariya ne.

Abin da zan ce shi ne akwai mataki. Ƙaramar fatalwa tana iya zama shashasha, domin aikinta nuna mana yadda samarin ke aiki da kayansu. Babban abokin gaba ne ba a taɓawa. Shi kuma ƙaton nan, siffarsa ce kawai abin dariya, amma an ɗauke shi daga ƙasa, yana taku a hankali, ƙasa na girgiza, mutane na gudun ceton rai. Kuma an riga an kafa dokar cewa halaka za ta zo a siffar abin da suka fara tunani, don haka fitowarsa cika doka ce.

Inda na baya suka sha bamban: na 1989 yana da wurare masu firgitarwa, kamar inda jan ruwan yauƙi ya taso daga bahon wanka yana neman jariri, sai dai tsarinsa maimaicin na farko ne, ka san abin da zai biyo baya. Na 2016 na Paul Feig, a ganina kusan kowa a ciki ɗan barkwanci ne har da waɗanda ya kamata su riƙe tsoron, kuma fatalwun sun cika launi da haske. Na 2021 na Jason Reitman ya koma ƙaramin gari, ya yi shiru, ya sami fargaba, amma nauyinsa ya fi karkata ga juyayin Harold Ramis da ya rasu a 2014. Na 2024 mutane sun yi masa yawa, dodon ya makara.

Sadiq, 'yan kallonku sun fi sanin na Indiya, ku yi nazarinsu. Chandramukhi na 2005 da Bhool Bhulaiyaa na 2007 duk daga wani fim na harshen Malayalam na 1993 aka ɗauko su. Tsarinsu daban ne: barkwanci a keɓe, a hannun irin su Vadivelu da Rajpal Yadav, idan an kusa ƙarshe su ja gefe a bar wa matar da abin tsoron ya shafa fili. Wannan yana yiwuwa ne saboda sun haura awa biyu da rabi. A minti 25 ba ku da wannan sarari, don haka Stree na 2018 ya fi kusa da ku: dokarsa gajeriya ce, fatalwar mace ce ke kiran namiji da sunansa da dare, ta ɗauke shi ta bar tufafinsa, kuma dariyar duka a tsoron mazan garin take.

Hajiya Binta Malali

Ƙanena Sadiq, rabin abin da kake tambaya a wajen tacewa ake yin shi.

Barkwanci yana son a ga mutum biyu ko uku a hoto ɗaya, domin dariyar tana fuskar wanda ake faɗa wa magana. Tsoro yana son hoto ya daɗe bai motsa ba, sakan 8 zuwa 12, da wani fili a gefe, ƙofa ko taga, inda ido zai riƙa komawa. Bayan an razana mutum a bar sakan uku zuwa biyar kafin kowa ya yi raha. Idan rahar ta zo kafin nan, ɗan kallo bai gama jan numfashi ba, ba zai yi dariya ba, kuma an ɓata masa tsoron. Dubi wurin nan a fim ɗin 1984 inda Rick Moranis ya tsere wa wani karen aljani har ya kai jikin gilashin wani gidan abinci yana bugawa yana roƙo. Ya sulale ƙasa, aka yi ɗif, masu cin abinci suka dube shi, sannan suka koma hirarsu. Shirun tsakiyar nan ne ya sa abin ya ba da dariya ya kuma taɓa zuciya.

Sauti kuma, kada ku sa ƙarar zane mai motsi ko dariyar inji a ƙarƙashin barkwanci, irin wadda aka saba a gajerun bidiyo. Sau ɗaya kuka sa, fim ya koma wasan yara. Kiɗan da Elmer Bernstein ya yi wa na 1984 ya yi amfani da wata na'urar Faransa, ondes Martenot, mai kuka siriri, kuma bai yi wa fatalwa kiɗan raha a inda ake son tsoro ba.

Yawancin masu kallonku a waya za su gani. Lasifikar waya ba ta fitar da sautin da ya yi ƙasa da misalin 200 Hz yadda ya kamata, don haka gurnanin nan mai kauri da kuke ji a sutudiyo ɓacewa zai yi. Ku gina tsoron da sautin da waya ke iya fitarwa: ƙarar kwanon rufi, jan silifas a siminti, kukan ƙyauren ƙarfe, guga na bugun bangon rijiya. A ma'aunin ƙarfin sauti, magana ta tsaya wajen −12 dB, ƙarar razanarwa ta kai −6 zuwa −3. Idan komai a sama yake tun farko, babu inda razanar za ta hau. A kowane ɗaki ku naɗi shirunsa na sakan 60 kafin a tashi, kowa ya tsaya cak. Ba tare da shi ba, duk inda aka yanka za a ji rami a sautin.

Idan kun haɗa kashi na ɗaya, ku ba mutum goma da ba su san labarin ba su kalla a waya, ku zauna kuna duban fuskokinsu da agogo a hannu. Duk inda aka yi dariya a wurin tsoro, ku rubuta mintin. Galibi za ku tarar an nuna aljanin da yawa ne, a rage.

Danjuma Barnawa

A kan haske, kada ku canza salo idan an shiga barkwanci. Mai ɗaukar hoto László Kovács ya haska na 1984 kamar fim na gaske daga farko har ƙarshe, shi ya sa komawa tsoro ba ta da wuya. Da fitila uku: ɗaya a gefen fuska a kan 3200K kamar hasken ƙwan ɗaki, ɗaya a waje ta taga a kan 5600K a matsayin farin wata, ta uku a baya can ta raba mutum da bango. In an shiga tsoro a rage ta gefen da rabi, shi ke nan. Kada ku bar baƙi ƙirin ya cika hoto, YouTube yana matse shi ya farfashe ya zama dabbare-dabbare. Ku ɗauka da ɗan haske, a duhunta a kwamfuta.

Wutarmu 50 Hz ce, ku sa kyamara a hoto 25 a sakan, saurin buɗewa da rufewar idon kyamara (shutter) a 1/50. Ƙaramin janareta ba ya riƙe 50 daidai, fitila mai araha za ta riƙa ƙifce, gara batir. In dole ne, a kai janaretan mita 40 bayan katanga da doguwar waya mai kauri.

Dabarun hannu sun fi na kwamfuta mai araha. Littattafan laburaren nan a kan waya aka rataye su, katunan kuma iska aka hura musu ta bututu daga bayan bango. Zaren kamun kifi ya isa ya ja ƙofa ko ya kayar da buta, muddin fitila ba ta haske shi daga baya ba. Don tafiyar aljana, jarumar ta yi tafiya da baya, a juya hoton wajen tacewa, sai takun ya fito ba na mutane ba. Fuskarta kada ta wuce sakan ɗaya a kashi huɗu na farko.

Wurin ɗauka, tsofaffin gine-ginen masaƙu na Kakuri da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa suna da yanayin, amma sai da izini a rubuce, kuma a duba rufi da rana kafin a shiga. Hazon Disamba zuwa Fabrairu yana ba ku hayaƙi kyauta in kun haska daga baya. Ɗaukar dare kuma a sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da wuri, ihu da ƙarfe biyun dare ba abin wasa ba ne a Kaduna.

Sadiq Tudun Wada

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Malam, saura ɗaya: muna da malamin ruƙiyya a labarin, ana iya sa shi cikin masu barkwanci?

Malam Haruna Unguwar Rimi

A'a Sadiq, kar ku kusanci nan. Ɗan kallon Amurka ya ɗauki fatalwa almara, naku ya yi imani da aljanu, wataƙila ma akwai mai lalurar a gidansu. Wannan ya sauƙaƙa muku tsoratarwa, amma ya taƙaita inda raha za ta taka. Karatun Alƙur'ani da addu'a ba a yi musu yanka na dariya, ba a sa kiɗa a ƙarƙashinsu. Malamin ya zama shi ne mutumin da ba ya wasa, ya shigo sau biyu ko uku kacal a zangon, duk shigowarsa ta nuna abin ya fi ƙarfin samarin. In kuna son ɗan damfara, ku yi boka na ƙarya mai karɓar kuɗin baƙin zakara, ku nuna ƙaryarsa tun fitowar farko, sannan a kashi na biyar ko na shida ku kulle shi a ɗakin da abin yake da gaske. Mara lafiyar da aka shafa ita ma ba a yi mata dariya, kyamara ta koma kan samarin da ke rububin ƙofa.