Muhawara: kwalejin shekara biyu tana rage wa mai neman likitanci daraja a Amurka?

Mai tasi: Salamu alaikum jama'a. Shekarata 36, ina da digirin tattalin arziki daga ABU Zariya, kuma ina so in karanta likitanci a nan. Darussan share fage, wato bayoloji shekara guda, kemistiri shekara biyu, fiziks shekara guda, duk da aikin lab, na yi niyyar ɗaukarsu da yamma a Bronx Community College, kwalejin shekara biyu a birnin New York. Sai wani ya ce min asarar kuɗi zan yi.

Baban yara: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka, ƙanena. Masu tantancewa kallon mai gudun wahala suke yi wa wanda ya bi ta can. Ka nemi shirin share fage na jami'ar Columbia, tun 1955 suke shirya masu digiri irinka, ga wasiƙar kwamiti da za su rubuta maka.

Nas: Yaya, da kuɗin wa? A kwalejojin shekara biyu na CUNY, wato jami'ar birnin New York, dala 210 ne kiredit ɗaya (ma'aunin nauyin darasi) ga mazaunin birni. Mai digiri ba ya samun tallafin karatu na gwamnatin tarayya da ake kira Pell, daga aljihunsa zai biya, ga haya, ga iyali. Iya kuɗinka iya shagalinka.

Ɗalibar likitanci: Baba, a yi min afuwa, zargin da kuke magana ba a kansa yake ba. Wanda ake ɗaga wa gira shi ne yaron da ke jami'a, ya ga kemistiri ya yi zafi, ya sulale kwaleji lokacin hutu ya ɗauko A. Magidanci mai tuƙi da rana, dalilinsa a fili yake. Sannan akwai MCAT, jarrabawar shiga makarantar likitanci. Maki daga 472 zuwa 528 ne, takarda ɗaya ga kowa, ba ruwanta da ajin da ka zauna.

Baban yara: 'Yata, buɗe MSAR, kundin sharuɗɗan shiga na ƙungiyar makarantun likitanci ta AAMC, ki duba. Wasu makarantun suna karɓar darussan kwaleji kai tsaye, wasu kuma sai sun duba mutum ɗaya-ɗaya.

Ɗalibar likitanci: Haka ne, shi ya sa zai fara da jera makarantun da yake so, ya karanta sharaɗin kowacce kafin ya biya ko sisi. Amma ni abin da ya fi damuna daban ne. AMCAS, kafar da ake neman gurbin likitanci ta cikinta, ba ta lissafa makin jami'ar waje, saboda haka sakamakon Zariya ba zai shiga GPA ɗinsa ba, wato matsakaicin makinsa. Abin da ya samu a nan shi kaɗai za a gani, kuma ko ya maimaita darasi, tsohon makin yana nan a lissafi. Makarantu da yawa ma sai an yi aƙalla shekara guda a Amurka ko Kanada, wasu fiye da haka nesa. Ya yi na tushe a kwaleji, bayokemistiri da jinetiks ya je kwalejin shekara huɗu irin Lehman ko Hunter. Tun 2015 bayokemistiri ya samu babban kaso a MCAT.

Baban yara: To ai maganata kika dawo. Jami'ar dai.

Nas: A'a Yaya, ku Columbia kuka ce. Lehman nan cikin Bronx take, ita ma CUNY ce.

Mai tasi: Allah ya saka da alheri. Lissafi na daɗe da barinsa, zan iya haɗa shi da kemistiri a zango ɗaya?

Ɗalibar likitanci: Kada ka haɗa, Yaya, tunda kana tuƙi. Fara da lissafin.