Oba-oba na dijital ko mu tsaya kan tsohon FM?

Jiya mun zauna da 'yan uwa masu harkar rediyon oba-oba a nan Kaduna, maganar dai ita ce ko mu bar FM (tsohon tsarin aika murya a oba-oba) mu koma dijital saboda ranar gaggawa, irin ambaliyar Kogin Kaduna ko kamar 2021 da aka datse netwok a Birnin Gwari da Giwa. Ga abin da na tsinta.

Dijital ɗin murya fes babu shuuu, kuma DMR, ɗaya daga cikin tsarin oba-oba na dijital, na ɗaukar hira biyu lokaci guda a tasha ɗaya mai faɗin 12.5 kHz, batir ma ya fi jimawa. Amma fa wani dattijo a cikinmu ya ce mu bi a hankali, tsarin dijital iri-iri ne, DMR da D-STAR da Fusion na kamfanin Yaesu ba sa jin yaren juna, kowa ya sayo nasa ranar tashin hankali sai a yi ta halo halo ba mai amsawa. Sannan in sigina ta yi rauni dijital ɗif yake ɗaukewa, shi ko FM ko da hayaniya za ka tsinci "a kawo mota". Wannan ni ma na yarda da shi wallahi.

Saitin DMR yawanci sai da kwamfuta, a tsakiyar ruwa wa zai tsaya yin wannan? Kuma haɗin nesa yawanci intanet yake bi, abin da ke fara mutuwa kenan.

An dai tsaya a kan FM na mita 2 (wani zango ne na rediyon oba-oba) ya zama na kowa, mai hali ya sayi wanda ke yin duka biyun, FM da dijital. A tanadi sola da batir, a nemi lasisi, a riƙa gwaji duk sati.