Neman shawara: in ci gaba da ɓoye cewa ni mace ce a PUBG?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina buga PUBG Mobile, wasan harbe-harbe na waya, da sunan namiji, makirfo a kashe. Muddin na yi shiru, ba mai raina ni. Da zarar sun ji muryar mace, sai wani ya nemi lambata, wani ya ce in tsaya a baya ina tayar da wanda aka harba. Ni kuwa kai farmaki nake so, kuma na iya. Shirun ma yana cutar da mu, don mu huɗu ne a tawaga, dole mu riƙa sanar da juna inda abokan gaba suke. Yaya zan yi?

Maman Ilham: Wa'alaikumussalam. Ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce. A 2021 kamfanin Reach3 Insights da Lenovo sun tambayi mata 900 masu wasa a Amurka da Jamus da Sin, kashi 59 cikin 100 suka ce suna ɓoye jinsinsu don gudun tsangwama. Ɓoyewar ba laifi ba ce. Abin da ya dame ni shi ne ta hana ki buga wasan yadda kike so.

Ummi: Ni dai tayar da 'yan tawaga da tattara kaya ya fi min daɗi, ba wanda ya tilasta min. Binciken Quantic Foundry, kamfanin nazarin masu wasan bidiyo, na 2016 ma ya nuna mata sun fi karkata ga kammala duk abin da ke cikin wasa da shiga rigar wani hali, maza kuma gasa da ragargaza.

Anti Bilki: Ummi, wannan rinjaye ne, ba doka ba. Ke kin zaɓa da kanki, ita kuma ɗora mata ake yi, kafin ma a ga harbinta. Mai tambaya, daina bari wasan ya haɗa ki da baƙi. Nemi mutum uku da kika yarda da su, mata ko yayyenki, ku kulle tawaga. Ki saita muryarki ta tsaya ga 'yan tawaga kawai, wanda ya yi miki maganar banza ki toshe shi, ki kai ƙorafinsa ta cikin wasan. Lambar waya da hotonki kuwa, ko kusa kada ki bayar.

Ummi: Haka ne Anti. In kina so, ki shiga gaba, ni zan tsare miki baya. Bayan Isha'i nake hawa, saura mutum biyu.