Takarda biyu sun ce AA, ɗaya ta ce AS, saura sati biyar biki

Assalamu alaikum. Admin don Allah a sakaya sunana. Kwana uku ke nan ko abinci na kasa ci. Shekara huɗu muna tare da wanda zan aura, sai da aka kai ruwa rana kafin Baffana ya amince, don shi ɗan amininsa ya so ya ba ni. An sa rana, lefe akwati shida yana ɗakin Umma, ƙawaye sun ɗinka anko, Abba ya biya kafinta kuɗin gado. Tun farko ya gaya min jinotayif ɗinsa AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila a jininsa, ban damu ba saboda takardata ta 2018, lokacin rajistar makaranta, AA ce, wato ni ba na ɗauke da shi. To kun san tun 2024 dokar Kano ta ce sai da takardar gwaji za a ɗaura aure. Muka je, nawa ya fito AS. Na ruga wani lab na unguwarmu, cikin minti ashirin suka ba ni AA. Don Allah wanne zan kama?

Maman Biyu: 'Yar'uwa ni ma AA aka rubuta min. Yarona yana wata bakwai hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ya tsanyara ihu. Aka auna, SS, wato sikila. Dangin mijina har yau cewa suke da gangan na ɓoye. Takardar tana nan a jakata. Ki haƙura da auren nan.

Ma'aikacin Lab: Ƙanwata, jinotayif ba ya canzawa, da shi aka haife ki. Ɗaya daga cikin takardun nan kuskure ce, kuma ba a ƙirga su kamar ƙuri'a. Yawancin wurare ilektiroforesis ake yi: a ɗiga jini a kan takarda ta musamman, a sa wutar lantarki, layin A da layin S su rabu. In ruwan maganin ya tsufa ko wuta ta yi rauni, layukan ba sa rabuwa sosai, sai a ga ɗaya a rubuta AA. Shi ya sa dole a jera jinin da aka riga aka san AS ne a gefen na mutum don a gwada. Wasu ba sa yi. Ga kuma musanyar kwalba, in ba a rubuta suna a gabanki ba. Wace hanya aka bi a gwaji ukun? Akwai sa hannu da hatimin mai lasisin MLSCN, hukumar da ke kula da ma'aikatan lab a Najeriya? An taɓa yi miki ƙarin jini?

Hajiya Babba: 'Yata, mu da aka yi mana aure wa ya auna mu? Ki yi istihara ki dogara ga Allah. Ko AS da AS ɗin ma ai ba duka 'ya'yan ke zama sikila ba.

Ma'aikacin Lab: Hajiya a gafarce ni, ɗaya cikin huɗu ne a kowane ciki, ba a cikin 'ya'ya huɗu ba. Ana iya jera uku duk SS.

Baban Yara: Lab ɗin ƙasar nan sai addu'a. Sau huɗu ana ce min taifod, na sha magani har bakina ya daina jin ɗanɗano, ashe olsa ce. Kuɗina ya tafi a banza.

Mai tambaya: Mai lab ɗin unguwarmu mutumin kirki ne, da Abba suke sallah a masallaci ɗaya, ba zai cuce ni ba. A kan wani ɗan tsinken gwaji ya ɗiga jinin. Ƙarin jini kuma an yi min leda biyu watan jiya bayan tiyata, amma me ya haɗa wannan da wancan?

Wata Nas: Tsinken gaggawan nan in mai kyau ne yana faɗin gaskiya fa, mu ma muna amfani da shi. Ni dai na fi yarda da AA ɗin.

Ma'aikacin Lab: Subhanallah, ai da wannan ya kamata ki fara! Jajayen ƙwayoyin jini suna kai kwana 120 a jiki. Yanzu jinin mutum biyu ko uku ke yawo a jikinki. In wanda ya ba ki jini AS ne, S ɗinsa zai iya fitowa a naki. In kuma ke ce AS aka ƙara miki na AA, naki S ɗin ya ragu. Gwaji biyun nan na bana duk ba abin dogaro ba ne. Ki bari wata uku su cika, ki je asibitin koyarwa ki ce HPLC kike so, wato gwajin na'ura mai auna yawan A da S a jini. Kafin nan a auna Umma da Abba. In dukansu AA ne, ba za ki zama AS ba.

Mai tambaya: Yaya, da wane bakin zan ce wa Abba ya je a ɗebi jininsa? Bai ma san da maganar ba. An buga kati, ba zan iya cewa a ɗaga biki ba. Kuma ta 2018 ai kafin ƙarin jinin ce, me ya sa ba za a yarda da ita ba?

Maman Biyu: Tawa ma ta makaranta ce.

Mai tambaya: Don Allah akwai wanda ya san ko liman zai karɓi takardar lab ɗin unguwa?