Musayar Waƙa: João Neves, Gajere Mai Zanzaro

Sarkin Gidan Kallo:

Salamu alaikum jama'a. Waƙar wannan makon ta João Neves ce, ɗan wasan tsakiyar PSG da Fotugal. Mai amsawa ya amsa da baiti, ban da zagi. Bismillah.

Da sunan Allah nake buɗewa,
Shi ke ba ni abin da zan tsara.

Yau alƙalamina ya nufi Fotugal,
Gun João Neves, yaron Tavira.

Gari ne can kudu, bakin teku,
A yankin Algarve, nan ya fara.

A 2004 aka haife shi,
Satumba, ga mai son ƙirga shekara.

A 2016 Benfica ta ɗauke shi,
Zuwa Seixal, inda take rainon yara.

Gajere ne, babu mai musun wannan,
Ita ƙwallo da tsawo ba ta lura.

Kofin matasan Turai, 2022,
Shida Salzburg ta sha, ba ta zura.

Da Enzo Fernández ya kama hanyar Chelsea,
Gurbi ya buɗe, babu sauran jira.

Koci Roger Schmidt ya jefa shi fili,
Ya riƙe tsakiya, ya share, ya gyara.

Mayun 2023, a gidan Sporting,
Benfica na baya, daƙiƙu ne saura.

Ƙwallonsa ta farko nan ta faɗa raga,
2 da 2, 'yan ja suka ɓarke da ƙara.

Kakar nan suka ɗaga kofin lig,
Yaro ya shigo sahu, ya daina jira.

Riga cikin wando, zanzaro tsaf,
Lamba 87 a bayansa ya ɗora.

Shuɗi Har Abada:

Sarki, sannu da ƙoƙari. Sai dai akwai shafin da ka tsallake, ni kuma a aljihuna yake.

Ranka ya daɗe Sarki, na ji yabo,
Akwai bashi a ƙasa, bari in biya shi.

13 ga Yuli, 2025,
A Amurka, daren da ba ka son a tuna shi.

Kofin duniya na kulob, wasan ƙarshe da Chelsea,
PSG ta zo da tinƙaho, ta koma da haushi.

Palmer biyu, João Pedro ɗaya,
Uku ba ko ɗaya, har yau muna jin ƙanshi.

Ina gwanin naka mai zanzaro?
Ya bar ƙwallo, ya koma jan gashi.

Cucurella na tafe da sumarsa tuli,
Yaro ya cafko, ya finciko shi.

Alƙali ya je ya leƙa na'ura,
Ya zaro jan kati ya miƙa mashi.

In wanzanci yake so, ya faɗa mana,
Mu haɗa masa aska, mu sallame shi.

Uwar Biyu:

Kai Shuɗi, ba ka da dama. To tsaya ka ji.

Ƙanena Shuɗi, ban ƙaryata ka ba,
Jan gashin nan ya yi abin kunya.

Amma yaro ne ɗan shekara 20,
An ci su uku, sai ta ɗebe shi, zuciya.

Kai da ka riƙe dare guda tal,
Zo in tuna maka sauran tafiya.

Fabrairun 2024, yana ɗan 19,
Ya yi rashin da ya fi kowane, mahaifiya.

Bai rataye takalmi ba, ya koma fili,
Wanda ya san maraici ya san wuya.

Agusta PSG ta zube kusan miliyan 60
Na yuro, Benfica ta ƙirga dukiya.

Wasansa na fari, a gidan Le Havre,
Daga benci, ya ba da biyu aka ci, ba ɗaya.

Janairun 2025, ka manta da Manchester City?
Biyu suka zura, har sun fara dariya.

Aka farke biyun, sai ga bugun tazara,
Vitinha ya ɗago ta, ta ratsa tsakiya.

Dogaye na miƙa wuya, ta tsallake su,
Gajeren nan ya lallaɓo ta baya.

Ya sa mata kai, ta nufi raga,
4 da 2 aka tashi, babu ƙarya.

31 ga Mayu, a birnin Munich,
Biyar suka zuba wa Inter ta Italiya.

Kofin Zakarun Turai na farko ke nan,
Da PSG ta daɗe tana nema da wuya.

Bayan kwana 8, a wannan filin dai, wasan ƙarshe na Nations League,
Fotugal a fenareti ta kori Sifaniya.

Kofi biyu a fili guda, yana ɗan 20,
Kai kana 20 me ka ci, ban da tuwo da miya?

Baba Tsohon Gola:

Allah ya shirye ku duka. Hajiya, a yi wa yaron nan sassauci, Shuɗi ɗanmu ne. Ni abin da ke raina daban ne, don na ga irin wannan yabon ya tashi a kan wasu kafin shi.

'Ya'yana, ku saurara wa tsoho,
Na daɗe ina kallon wannan kasuwanci.

Benfica gona ce, tana shuka yara,
Tun ba su gama nuna ba take nemo mai ci.

Renato Sanches, kun tuna 2016?
Kofin Turai a hannu, ɗan 18, ga mutunci.

Bayern ta biya yuro miliyan 35,
Ta kai shi Jamus, ta ajiye a benci.

Aro a Swansea, rauni a kan rauni,
Sai a Lille ya ɗan huce takaici.

João Félix kuwa miliyan 126,
Atlético ta biya, aka rabu da ɗaci.

Ya zaga Chelsea, Barcelona, Milan,
Har ya dangana Saudiyya neman abinci.

Ku dubi ikon Allah, da Neves zai shiga Faris,
Renato ya bar ta, ya komo Benfica aro, a wannan lokaci.

Ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa,
A ƙofa guda, babu ko tsayawar zumunci.

Abin da ya raba su, a nawa ganin,
Duk baiwa gare su, shi ya dace da koci.

Luis Enrique ba ya son mai tsayuwa,
Ga mai ƙyuya ba shi da sassauci.

Shi ko yaron, in an ƙwace ƙwallo,
Kafin ka juya ya iso, ba ya barci.

Ya shiga ƙafarka, ya tsare maka hanya,
Ya karɓe, ya miƙa, ya bar ka da ƙunci.

Na tsaya a raga, na san daɗin wannan,
In tsakiya ta riƙe, gola na cikin kwanciyar rai da aminci.

Hajiya, kin ƙirga kofuna da ƙwallaye,
Ni aikin da ba a ƙirgawa na fi ba muhimmanci.

Shuɗi Har Abada:

Baba na durƙusa, na ji nasiha,
Amma tambaya ɗaya gare ku.

In shi ke riƙe da tsakiyar Faris,
Don me Vitinha ya zo na uku

A Ballon d'Or ta 2025,
Aka bar muku gajeren naku?

Sarkin Gidan Kallo:

Na san nan za ka ɓullo.

Vitinha gwani ne, ba mu ja ba,
Shi ke juya akalar wasa.

Amma wa ke ƙwato ta in ta kuɓuce,
Ya share ta tas, ya miƙo masa?

Masu zaɓe raga suka fi kallo,
To mu je ragar, in nan ne gasa.

30 ga Agusta, 2025, a gidan Toulouse,
Ƙwallo na sama, ba ta sauko kusa.

Ya ba raga baya, ya yi alkafura,
Ƙafafu a sama, kai a ƙasa.

Ta shiga! Tun ba a je hutu ba,
Ya sake irinta, gola ya rasa.

Mutum ya yi ɗaya a ce sa'a ce,
Biyu a dare guda, wa zai ƙwace masa?

Ya cike ta uku bayan an dawo,
Wannan kuwa ya ɗaɗa ta daga nesa.

6 da 3 aka tashi ranar,
Ƙwallon wasan ya tafi gida da kayansa.

Nuwamba a Porto, Ronaldo ba ya nan,
Jan kati ya hana shi shiga wasa.

Armeniya ta sha 9 da 1,
Uku na Bruno, uku nasa.

Da wannan Fotugal ta yanki tikiti,
Kofin duniya na 2026 ta isa.

Shuɗi Har Abada:

Alkafurar nan kam na kalle ta ya fi a ƙirga, ba zan ci amanar idona ba. Amma mako mai zuwa ni ke zaɓe.

Na sallama alkafura, ban sallama gashi ba,
Cucurella na bin ku diyya.

Mako mai zuwa waƙar Enzo ce,
Ku zo ku ga sarkin tsakiya.

Uwar Biyu:

Enzon da kuka sayo miliyan 121,
Daga Benficar dai, kuna ta dariya?

Kuɗin Neves biyu ke nan, ƙanena,
Kawo shi, ka taho da rasit, mu yi ƙididdiga ɗaya-ɗaya.