Me za mu kira country music da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum malamai. Ana fassara tarihin Dolly Parton, mawaƙiyar Amurka, don shirin rediyo, an cije a kan country music. An rubuta "waƙar ƙasa". Ya yi?

Mai fassara: Wa alaikumus salam. Bai yi ba. Bahaushe na jin haka taken ƙasa zai faɗo masa a rai. Country a nan bayan gari ake nufi, gonaki da tsaunukan kudancin Amurka. Dubi ita Dolly ɗin. An haife ta 19 ga Janairu 1946 a gundumar Sevier ta jihar Tennessee, a gidan katako mai ɗaki ɗaya, ta huɗu cikin 'ya'ya 12. Ubanta manomin taba ne, da buhun garin masara ya sallami likitan da ya karɓi haihuwar.

Mai tambaya: To mu ce waƙar ƙauye mana.

Malamar Hausa: A'a ɗan'uwa, akwai gori a ciki, ƙauyanci za a ji. Su ma Amurkawan sun taka wannan ƙayar. Da farko hillbilly suke cewa, wato baƙauyen kan tsauni, sai a ƙarshen shekarun 1940 kamfanonin faifai suka yar da sunan. Karkara ba ta da wannan tabon. Waƙar karkara.

Mai shirin rediyo: Na bi bayan Malama. Kada dai a kuskura a ce "gargajiya", don wannan sana'a ce mai situdiyo da kwantiragi. Dolly tana shekara 10 tana waƙa a shirin rediyo da talabijin na Cas Walker a garin Knoxville, tana 13 ta hau dandalin Grand Ole Opry, shahararren shirin waƙar karkara. Washegarin gama sakandare a 1964 ta tattara sai Nashville, cibiyar wannan sana'a. Sunanta bai game ƙasa ba sai 1967, da mawaƙi Porter Wagoner ya ɗauke ta a shirinsa na talabijin.

Mai fassara: Saura gyara biyu. A ambaton farko a ce "waƙar karkara ta Amurka", kada a zaci waƙoƙin noma ne irin namu. Kuma "mawaƙiyar karkara" na nuna har gobe a can take zaune, gara "mai waƙar karkara".

Mai tambaya: Kiɗa fa, Malam?

Mai fassara: Sai in ana maganar jita da banjo da gogen Turawa. A tarihin mawaƙiya, bar shi a waƙa.